Google Earth Pro ko QGIS: wanne ya fi dacewa da lambobin GPS da ke cikin Excel?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya: yana da fayil na Excel ɗauke da rijiyoyin burtsatse sama da 3,000 da aka bi aka ɗauki lambobinsu na GPS a jihar Kano, yana so ya gan su a kan taswira. Shin Google Earth Pro zai ɗora su, ko sai ya koyi QGIS?

Malam, duk biyun manhajojin taswira ne na kwamfuta, kyauta ne, kuma duk biyun za su ɗora. Abin dubawa shi ne aikin da za ka yi da ɗigogin bayan sun hau.

A Google Earth Pro, sai ka fara adana fayil ɗin a matsayin CSV (fayil na rubutu zalla da Excel ke iya fitarwa), ka shiga File, ka danna Import, ka nuna masa kolum na latitud da na longitud, ka zaɓi wanda zai zama sunan kowane ɗigo. Nan take za ka ga rijiyoyin a kan hoton tauraron ɗan'adam. Idan ɗigogi sun haura 2,500 zai yi maka gargaɗi cewa aiki na iya yin nauyi, amma yana ba ka damar ɗora su duka. Daga nan ka adana KMZ, wato fayil ɗin taswira na Google Earth, ka tura wa wanda ya sa ka aikin. Rauninsa biyu ne: sai da intanet hoton zai fito sosai, sannan latitud da longitud yake nema. In lambobinka na UTM ne (tsarin da ke auna wuri da mita, ya raba duniya shiyya-shiyya), sai ka juya su tukuna.

QGIS ya fi shi yawan tambaya. Za ka bi Layer, Add Layer, Add Delimited Text Layer. A gurbin X ka sa longitud, a gurbin Y ka sa latitud, tsarin lambobi kuma EPSG:4326, wato WGS 84, wanda waya da na'urar GPS suka saba bayarwa. Wannan yawan tambayar ne amfaninsa, domin yana karɓar UTM kai tsaye matuƙar ka gaya masa shiyya. Nijeriya ta ratsa shiyya uku: Sakkwato tana 31N, Kano 32N, Maiduguri 33N, wato EPSG:32631 zuwa 32633. Tsofaffin takardun safiyo kuwa da yawa a kan ma'aunin Minna, tsohon ma'aunin safiyo na Nijeriya, aka yi su, in ka ɗora su a matsayin WGS 84 za su goce da mita gommai. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: ɗigogin da ka gani suna rataye ne da fayil ɗin CSV, ba za ka iya gyara su ba, kuma in ka matsar da fayil ɗin sun ɓace. Da sun hau, ka fitar da su zuwa GeoPackage, fayil ɗin taswira da ake iya gyarawa, ta hanyar Export, Save Features As.

Amma mafi yawan matsala tun daga Excel take tasowa, kuma babu manhajar da za ta gyara maka ita.

Wadda ta fi cin mutanen Arewa ita ce musanya latitud da longitud. Kano tana wajen 12.00 arewa, 8.52 gabas. In ka juya su, ɗigon ba ya faɗawa teku balle ka gane nan take. Yana sauka ne kusa da Ganye a jihar Adamawa, har yanzu cikin Nijeriya, don haka mai kallon taswirar ƙasa daga nesa zai ce komai lafiya. A QGIS aka fi yin wannan kuskure, saboda baki ya saba faɗin latitud da farko, shi kuma X ne a sama.

Sai rubuta digiri da minti kamar desimal. 11°59′ ba 11.59 ba ne, 11.9833 ne, tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan kilomita 44. Lissafin shi ne digiri, a tara da minti raba 60, a tara da sakan raba 3,600. QGIS yana da akwatin DMS (digiri, minti, sakan) da za ka danna ya yi da kansa.

Akwai kuma wata da ba a cika lura da ita ba. Excel yana rubuta abin da ido ke gani ne a cikin CSV. In an saita kolum ya nuna lamba biyu bayan aya, sauran sun tafi, rijiyoyin ƙauye guda su taru wuri ɗaya, domin lamba biyu ƙiyasin kilomita guda ce. Lamba biyar ita ke kawo ka wajen mita ɗaya. Ka faɗaɗa su kafin ka adana, kuma ka zaɓi CSV UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na sunayen garuruwa za su koma alamar tambaya. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Excel na Faransanci su ma su kula: nasu yana sa waƙafi a madadin aya, yana raba kolum da waƙafi mai ruwa. QGIS yana da wurin da za a gaya masa duka biyun. Duk inda aka cike gurbi da 0 da 0 kuwa, ɗigon yana can cikin teku kudu da Gana.

A naka aikin, QGIS muke ba ka shawara. Rijiyoyi 3,000 ba kallo kawai za a yi musu ba. Za a tambaye ka nawa ne a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 44, waɗanne ne suka lalace, wane ƙauye ne ya fi nisa da ruwa. Kayan aikin QGIS mai suna Count Points in Polygon zai amsa ta farko cikin daƙiƙoƙi in kana da taswirar iyakokin ƙananan hukumomi, abin da Google Earth Pro ba ya yi. Amma kada ka ajiye Google Earth Pro gefe: ka fitar da KML, fayil ɗin da yake buɗewa, daga QGIS, ka buɗe a can, ka zaɓi rijiyoyi goma ko ashirin da ka san inda suke, ka duba ko sun sauka a unguwar da ta dace kafin ka miƙa rahoto.