Gidan gem ɗin bayan layinmu: sati uku ina zaman benci a ciki, ga abin da na gani

Tun farko bari in faɗa, ni ba ɗan gem ba ne. Rabona da riƙe hannun gem tun zamanin Sega da muke tara kuɗin tara mu je mu buga Mortal Kombat a wani shago kusa da makarantarmu, sai ga shi yanzu da furfura ta fara leƙo min na koma zaman benci a gidan gem har sati uku, kuma ba don daɗi ba. Ɗan yayata ne ya ja min. Shekararsa 14, ya fasa wa wani yaro baki a makaranta har sai da aka yi ɗinki, kafin nan kuma ya jefi ƙanwarsa da kofin silba a tsakar gida. Yaya ta kira ni tana kuka wai gem ɗin nan ne ya lalata mata ɗa, in je in sa a rufe shagon ko in kai ƙara wajen mai unguwa. Na ce Yaya ki bari in je in gani da idona tukuna, kada mu ɗauki alhakin bawan Allah.

Ba zan faɗi sunan shagon ba, 'yan unguwa dai sun san shi, kuma duk wanda yake cikin Kano ya san irinsa don kusan kowane lungu akwai. Shago biyu ne aka fasa bangon tsakiya aka haɗe, talabijin shida a jikin bango, na'urorin gem na PlayStation kuma akwai PS4 guda huɗu, PS5 ɗaya wadda sai manya ke taɓawa, sai wata tsohuwar PS3 a lungu ta ƙananan yara. Wasa ɗaya na ƙwallo N200, a PS5 kuma N500. Yana da sola, wannan kam na yaba, don ko an ɗauke wuta wasa ba ya yankewa, kuma babu ƙarar janareto da hayaƙinsa a kan mutane. Amma fanka biyu ce kawai ga mutum kusan talatin, idan la'asar ta yi warin zufa da na takalma sai ka ji kamar ka gudu, banɗaki kuwa babu shi sam, bayan katangar maƙwabta yara suke zagayawa. Hannayen gem ɗin ma rabinsu sun gaji, akwai wani da aka naɗe da salatif, kana ajiye shi ɗan wasanka zai kama tafiya hagu shi kaɗai kamar mai aljanu.

Mai shagon matashi ne, ba zai wuce talatin da 'yan kai ba, yara suna ce masa Oga. Ranar farko da ya gan ni ya ɗauka jami'in tsaro ne, sai wani kaffa-kaffa yake yana Alhaji a kawo ruwa? Daga baya muka saba. Kuma gaskiya a faɗe ta, yana da dokoki da ban yi zato ba. Ana kiran sallah zai kashe komai ya kore kowa, ko kana minti na 89 kana cin ɗaya da nema. Yaro da kayan makaranta ba ya shiga kafin a tashi. Ba a shan ko sigari a ciki, kuma a gabana ya fatattaki wani da ya zo idonsa jawur yana layi, ya ce masa je ka ka wartsake tukuna. Wanda ya san yadda ƙwaya ta yi wa matasanmu, tun kafin gwamnati ta hana kodin a 2018 bayan rahoton nan na BBC har zuwa su tiramol da sholisho da ake fama da su yanzu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ya gaza kuma ya gaza. Na ga yaro wanda ko shekara goma bai kai ba zaune yana buga GTA V, yana bin mutane da mota yana takewa, 'yan uwansa suna ta shewa. Gem ɗin nan a Turai lambar 18 ce a jikinsa, a Amurka kuma harafin M, wato sai ɗan 17 zuwa sama. Wannan tsarin lambobin ma Mortal Kombat ɗin da muka buga muna yara tana cikin abin da ya jawo shi, don a 1993 sai da majalisar dattawan Amurka ta zauna a kan jinin da ke cikinta, a 1994 kamfanonin suka kafa hukumar da take saka wa kowane gem shekarun da suka dace. Da na yi masa maganar sai ya yi dariya ya ce Alhaji wa yake duba wannan, mu fa ko kwalin ba ma gani, loda mana ake yi a ciki. Na ce to ai kai kana da ido, ka ga abin da ake yi a ciki. Ya yi shiru.

To amma ga abin da ya ɗaure min kai. A sati ukun nan faɗa huɗu na gani da idona, ɗaya har da fasa hanci, kuma wallahi ko ɗaya ba a kan gem ɗin kisa aka yi ba. Duk a kan ƙwallo ne. Masu harbe-harbe da sare-sare suna gamawa su miƙe suna dariya su tafi sayen awara, amma a ci mutum 5-0 a gaban abokansa ana masa ihu ana ce masa ɗan kallo, ga kuma kuɗi an ajiye a ƙarƙashin benci, nan ne ake cin kwala. Eh caca ake yi, a ɓoye wai, Oga yana yi kamar bai gani ba. Wannan ita ce babbar matsalata da shagon, ta fi min GTA ciwo.

Abu na biyu da ya fi tayar min da hankali ma ba nasa ba ne, a aljihun yaran yake. Masu jiran layi suna haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon bidiyon gaske, na 'yan bindiga a daji, na wanda aka kama da sata jama'a suka rufar masa, na faɗan daba da aka ɗauka daga saman bene, ana turawa a WhatsApp kamar gaisuwar Juma'a. Wani yaro ya miƙo min wai Baba kalli wannan, na kalli sakan biyar na kau da kai, shi kuwa gyaɗa yake ci. A gem ko banza yaro ya san zane ne, wannan kuwa ɗan mutum ne yake mutuwa.

Da na koma gida na zauna na yi ɗan karance-karance don kada in yi wa Yaya maganar da ba ni da tushenta. Masana sun daɗe suna wannan rigimar. Tun 1961 wani malami a jami'ar Stanford, Albert Bandura, ya nuna cewa yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana su ma in aka bar su da ita dukanta suke yi, wato yaro yana kwaikwayon abin da ya gani, wannan kakanninmu ma sun sani. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 2015 ta ce gem ɗin tashin hankali yana da alaƙa da ƙaruwar zafin rai da tsokana, amma a 2020 ta sake fitowa ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ce shi ke sa mutum ya aikata ta'asa ta gaske, kuma ɗora masa laifin yana kawar da hankali daga sauran dalilai. A 2019 wasu masu bincike na jami'ar Oxford suka bi matasa kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya har da tambayar iyayensu, ba su ga cewa masu buga irin wannan gem sun fi sauran faɗa ba. Ga Japan nan, gidan su PlayStation da Nintendo, amma tana cikin ƙasashen da aka fi ƙarancin kisan kai a duniya. Mu kuma nan daba ta girmi talabijin mai kala ma balle gem, tun 'yan bangar siyasar zamanin NEPU da NPC ake wannan abu, haka kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi, ba a gidan gem aka haife su ba.

Shi ɗan namu kuwa, abin da na lura da shi shi ne ba ma ya cika bugawa. Kuɗin wasa biyu yake zuwa da shi, ya gama cikin rabin awa, sannan ya zauna a ƙarshen benci ya jingina da bango har a rufe shago wajen goma na dare. Wani lokaci ma barci yake yi a zaune cikin wannan hayaniyar. Oga ne ya fara ja na gefe ya ce Alhaji yaron nan naku ku bincike shi, kullum shi ne na ƙarshen fita, sai na ce zan sa kwaɗo yake tashi. Ka ji fa, mutumin da aka aiko ni in rufe wa shago.

Ranar wata Alhamis na ja shi wajen mai shayi na sa aka soya masa indomi da ƙwai, ban tambaye shi komai ba sai da ya kusa cinyewa. Na ce wai kai me kake samu a shagon nan ne? Ya daɗe yana juya cokali sannan ya ce Kawu a can ne kawai ba wanda yake min ihu. Daga nan magana ta ɓalle. Ashe tun da kasuwar babansa ta karye gidan ya zama filin daga, kullum dare rigima da Yaya a kan cefane, wani lokaci har da hannu, shi kuma in ya shiga tsakani a zare wayar caji ko bel a hau shi. Ya ɗaga min riga na ga bayansa. Ya ce ya fi wata biyu ba ya barcin kirki, yana kwance yana jiran ya ji an fara. Yaron da ya fasa wa baki kuwa ce masa ya yi an ji babanka yana dukan babarka, don maƙwabta ne. Yaya duk ba ta faɗa min wannan ba, kuma ban ga laifinta sosai ba, mun san yadda matanmu suke rufa asirin aure ko yana cin su.

Maganar manya mun yi ta a cikin dangi, ba ta nan ba ce. Amma yaron na kai shi ganin likitan ƙwaƙwalwa, duk da Yaya ta so ta ƙi wai za a ce ɗanta mahaukaci ne, don mu da an ce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau shi kenan an gama da kai. Alhali ba sai mutum yana tsince-tsince a bola ba, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, mutane suna zuwa su ga likita su dawo gida a ranar. Likitar da ta gan shi ta fi awa tana hira da shi ni ina waje, daga baya ta ce min damuwa ce ta yi masa yawa, kuma a yara masu tasowa sau da yawa ba da kuka take fitowa ba, da fushi take fitowa da saurin hannu da rashin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Na tambaye ta ko jarabar gem ce, tunda na ji hukumar ta saka ta cikin jerin cututtuka, ta ce wannan sai mutum ya kai gem ya hana shi karatu da ci da mu'amala kuma abin ya ɗauki kamar shekara, shi wannan ɓuya yake zuwa yi. Ta kuma ja min kunne kada mu riƙa kallonsa kamar abin tsoro, mafi yawan masu irin wannan lalura ba sa taɓa kowa. Ba ta ma ba shi magani ba, ranakun dawowa ta ba mu, ta ce kuma a zo da uwar.

To in koma kan shagon. Cikin biyar zan ba shi uku. Sola da dokar sallah da korar 'yan maye sun ci masa maki, caca da rashin banɗaki da barin ƙananan yara a kan GTA sun zubar masa. Na faɗa masa haka baki da baki, kuma ya ɗan motsa, yanzu ya cire gem ɗin daga na'urar ƙananan yara ya bar musu ƙwallo da tseren mota, cacar ce dai har yanzu yake ce min Alhaji in na hana su wani shagon za su koma. Idan ɗanka bai kai sha biyu ba ni ban ba ka shawarar ka bar shi ya je shi kaɗai ba, idan ya fi haka ka je ka zauna ko sau ɗaya ne ka ga da wa yake zama da kuma ƙarfe nawa yake tashi.

Yaron yanzu a gidana yake kwana kafin abubuwa su daidaita. Ranar Asabar tare muke zuwa, awa ɗaya, ni nake biya. Satin da ya wuce ya ci ni 6-1 kuma ina da tabbacin hannun nan mai salatif Oga ya miƙo min da gangan.