Shagon kafinta a Garwa inda sabon shiga ke haɗa kayan katakon gidansa da hannunsa

A watan Nuwamban bara mai ɗakina ta nuna mini kwalin da muke tara littattafan yara a ciki, sai na tarar gara ta biyo ta ƙarƙashinsa har ta cinye bangon littattafai huɗu. Na zaga kasuwa ina neman 'yar kantar littattafai mai araha, amma yawancin waɗanda na gani an yi su ne da allon nan na garin katako da ake matsewa da gam, wanda duk wanda ya taɓa ajiye shi a ɗaki ya san yadda yake kumbura ya ruɓe da zarar damina ta kama. Wani maƙwabcina a unguwar Yalwa ta garin Garwa da ke arewacin Kamaru ne ya ba ni labarin wani dattijon kafinta a kan hanyar Jambutu, wanda yake buɗe shagonsa ranar Asabar da safe ga mutanen da suke son su koyi haɗa ƙananan kayan gida da kansu. Yau wata biyar ke nan ina zuwa wurin, na gama kantar littattafai da benci da mazaunin randa, don haka ina ganin na san wurin gwargwadon da zan iya faɗin alherinsa da kuma inda ya gaza.

Shagon rumfar kwano ce a gindin wata babbar dalbejiya, da teburan aiki uku da inji guda mai yanka katako yana kuma fere shi, sauran kayan aikin duk na hannu ne. Mai wurin yana jin Hausa da Fulatanci sosai, amma sunayen kayan aiki da bakin Faransanci yake kiran su kamar sauran kafintocin garin nan, shi ya sa abin fere katako ya zama rabo, abin daidaita kusurwa ya zama ekar, abin ɗaure sukuru kuma turnabis. Ana farawa da ƙarfe bakwai da rabi a tashi da azahar. Ni sefa 2,000 nake biya kowace Asabar, kuɗin ya haɗa da amfani da kayan aikinsa da gam da ƙananan ƙusoshi, katako kuwa mutum ne zai sayo abinsa ko ya saya a wurinsa. Ban taɓa ganin mun wuce mutum biyar a rana ɗaya ba.

Abin da ya sa nake yaba wurin nan fiye da komai shi ne abin da ya faru a ranar farko, ranar da ko zarto ban taɓa ba. Na zo da falankai uku na wani katako da ake kira ayus waɗanda na sayo a wurin masu sayar da katako, ina ɗokin in koma gida da kanta kafin la'asar. Dattijon ya ɗaga guda ɗaya ya ji nauyinsa, ya shafa bakin da aka yanka, sannan ya ce mini: "Malam, wannan katakon ɗan kudu ne, bai san hunturunmu ba. Ka bar shi ya sha iskar Garwa tukuna, in ba haka ba ni da kai za mu ji kunya." Ya bayyana mini cewa kusan duk falankin da ake aiki da shi a arewa daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru yake fitowa, wani ya biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan manyan motoci su ɗauko shi zuwa Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena. Katakon yakan iso da sauran danshin ƙasar da ya fito a jikinsa, idan kuma ya haɗu da busasshiyar iskarmu sai ya tsuke. Ya ce tsukewar ta faɗi ce, tsawon falanki da ƙyar yake canzawa, kuma wannan bambancin ne yake sa saman tebur ya tsage ko ya lanƙwashe idan an buga masa ƙusa yana ɗanye.

Ya sa na jera falankan a inuwa, ɗaya bisa ɗaya, da ƙananan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, muka ɗora bulo a sama, ya ce in dawo musu bayan mako uku. Raina bai so ba a lokacin, domin na ɗauka hanya ce ta ƙara yawan Asabar ɗin da zan biya, amma bai karɓi ko dala daga hannuna ba a wannan rana. Kafin mu jera su ya sa na auna faɗin kowanne na rubuta a jikinsa da fensir. Da na dawo na sake aunawa, falankin da yake santimita 30 ya ragu da kusan rabin santimita. A kusurwar rumfar akwai wata tsohuwar ƙofa da wani ya kawo gyara, wadda tsakanin falankanta ya buɗe har yatsa yana shiga, ita yake nuna wa duk wanda ya yi gaggawa.

Bayaninsa a kan ire-iren katako gajere ne kuma mai amfani. Ayus fari ne, ba shi da nauyi, zarto da rabo suna tafiya a cikinsa ba wahala, shi ya sa yake fara wa kowa da shi, sai dai gara da ƙwarin da ke huda katako su bar gari suna matuƙar son sa, kuma ba ya jure ruwa. Safeli ja ne, ya fi ƙarfi da nauyi, yana kyau idan ya sha banish. Iroko ya fi su tsada, amma yana jure ruwa da gara, don haka ko guntayensa ba ya yarda a jefa a wuta. Game da itatuwanmu na nan kuwa, yana magana a kansu da girmamawa: maɗaci da ƙirya da ake sassaƙa turmi da su, aduwa da ake yin allon karatu da ita, da giginya wadda azararta ke shekara da shekaru a rufin soro gara ba ta taɓa ta ba. Ya ce masassaƙan da ke kawo kujerun tsugunno kasuwar Pitowa ranar Lahadi, waɗanda ke fitar da kujera daga gungume guda da gizago kawai, sana'arsu daban ce kuma ba ya iya ta. Madobiya ce kaɗai ya ce ba ya saye ko an kawo masa har shago, saboda an sare ta fiye da kima a ƙasashenmu don kaiwa waje, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ta taƙaita cinikinsu tun 2017.

Kantar littattafan ta ɗauke ni Asabar uku. Tsayinta santimita 90 ne, faɗinta 80, kuma ya hana ni ƙara faɗin domin ya ce falankin ayus da ya wuce haka ba tare da tokari a tsakiya ba zai sunkuya a ƙarƙashin nauyin littattafai. A nan na ga yadda yake koyarwa. Ba ya yawan magana, yakan yi abu sau ɗaya a kan guntun katako sannan ya miƙa maka. Ya koya mini in ja layi da ekar a fuska biyu na falanki kafin in yanka, in kuma bi da zarto ta gefen layin da za a yar, domin zarto kansa yana cin kaurin haƙoransa daga katako. Ya koya mini in dushe bakin ƙusa da bugu ɗaya na guduma idan zan kafa ta kusa da ƙarshen falanki, saboda ƙusa mai tsini sosai tana raba katako. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake gane ko kanta ta tsaya daidai: a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a sake auna ɗayan ɓangaren, idan awon biyu ya zo ɗaya to an dace, sannan a rufe bayanta da siririn filawud wanda shi ne zai riƙe ta kada ta karkace. Nawa awon ya sha bamban da kusan santimita guda, muka matsa ta da hannu tun gam bai kama ba har ya daidaita.

Saboda gara ce ta kawo ni, ya ba wannan sashen muhimmanci. Mun yi wa kantar ƙafafu huɗu da guntayen iroko don ayus kada ya taɓa ƙasa, ya ce kuma in bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango yadda tsintsiya za ta shiga, ido kuma ya ga hanyar gara tun tana farawa. Mun shafa maganin ƙwari na katako kafin banish. Na tambaye shi game da baƙin man mota da mutane ke shafa wa katakon rufi, ya ce ba zai sa shi a kan abin da yara za su taɓa ko za a ajiye a ɗakin kwana ba. Gogewa da samfefa ita ce aikin da ya fi cin lokaci, an fara da mai kaushi lamba 80, sai 120, aka gama da mai laushi lamba 180, kullum ana bin tsawon jijiyar katako. Banish kuwa shafi biyu ne, da 'yar gogewa a tsakani.

Bencin na safeli ne, tsayinsa santimita 45, a kansa na koyi huda rami kafin ɗaura sukuru da kuma haɗin rami da harshe, kodayake shi ya fara haƙa mini ramuka biyu na ƙarasa sauran. Mazaunin randar na iroko ne gaba ɗaya, tunda kullum cikin jiƙa yake, kuma Asabar ɗaya ta ishe shi.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya san su. Na farko shi ne 'yan koyon da ke zaune a shagon. Yara ne masu ladabi, amma ladabin nasu ne yake sa da sun ga babba yana fama da zarto sai su ce "Baba, kawo in taya ka," kafin ka ankara sun gama yankan da ka biya kuɗi don ka koya. Sai da na yi wa dattijon magana sau biyu kafin ya tsawata musu. Shi kansa sau biyu na zo na tarar ya tafi kafa ƙofofi a wani gini ba tare da ya aiko ba, kuma duk da cewa bai karɓi kuɗin waɗannan ranakun ba, mutum ya riga ya biya ɗan moto, wato mai babur na haya, ya kuma ɓata safiyarsa. Idan aka ɗauke wuta, abin da yakan yawaita a ƙarshen rani lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, aikin fere manyan falankai yakan tsaya, sai dai a koma ga rabon hannu.

Wanda ya fi damuna shi ne batun kare lafiya. Babu abin rufe hanci ko tabarau a shagon, alhali ƙurar iroko tana sa atishawa da ƙaiƙayin fata, ni kaina na kwana ina tari ranar da na goge mazaunin randa. Injin yanka ba shi da murfi a kan haƙoransa. Gaskiya ne dattijon ba ya barin kowane baƙo ya taɓa injin, kuma da na zo da ɗana mai shekara 12 ya shata masa iyakar da ba zai ƙetare ba, amma 'yan koyonsa suna aiki da shi kullum da hannu tsirara, su ma 'ya'yan wasu ne. Na gaya masa haka a gabansa, ya ce zai nemi maƙeri ya yi masa murfi, har Asabar ɗin da ta wuce dai ban ga an sa ba. Wanda zai je ya tafi da takunkumin hanci da tabarau nasa, ya kuma sa rufaffen takalmi saboda ƙusoshin da ke zube a ƙasa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40 a ma'auni, rumfar kwanon ba ta zaunuwa bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Haka kuma babu wani tanadi ga mata, duk da cewa ƙanwata da wata abokiyar aikinta sun nuna sha'awa, kuma ina ganin da zai ware musu safiya guda da ya samu masu zuwa.

Ta fuskar kuɗi, kada wanda zai fara ya sa ran rangwame a aikinsa na farko. Da na haɗa kuɗin falankai da filawud da banish da maganin ƙwari da na Asabar uku, kantar ta tsaya mini kusan daidai da ta kasuwa. Bambancin shi ne tawa katako ce ta gaske, an yi ta daidai da gurbin da ke tsakanin taga da ƙofa a ɗakin yara, kuma idan wani abu ya saki na san yadda zan gyara. Sauƙin ya fara bayyana ne a benci da mazaunin randa, inda na yi amfani da ragowar banish da guntayen katako. Da na nemi shawararsa kan kayan aikin da zan saya na gida, bai tura ni ga masu tsada ba. Ya lissafa zarto da guduma da mitar awo da ekar da turnabis da abin matse katako guda biyu, ya ce waɗannan sun isa kanta da benci da akwati, ya kuma gargaɗe ni cewa zarton da bakin haƙoransa ya yi baƙi an ƙona shi ne don ya yi tauri, yana daɗewa da kaifi amma idan ya dushe ba ya wasuwa. Irin wanda ake wasawa na saya, kuma shi yake wasa mini a kan kuɗi kaɗan.

Wurin ya dace da ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko ɗalibin da ke da safiyar Asabar, wanda zai iya jiran katako ya bushe kuma ba ya jin nauyin yaro ya gyara masa riƙon zarto. Wanda yake son gado ko kabad na aure cikin mako biyu gara ya ba da aikin a yi masa, dattijon ma yana karɓar irin wannan aikin a sauran ranakun mako. Ni dai aikina na gaba teburin karatu ne na ɗana, mai tsayin santimita 70, falankansa na safeli suna jere a zaurenmu da sanduna a tsakaninsu tun mako biyu da suka wuce, kuma yaron ne da kansa yake auna faɗinsu kowace Juma'a yana rubutawa.