Ɗora Windows ta wayar netwok ba tare da an taɓa kwamfuta ba: abin da na gani bayan shekara guda

Cibiyarmu ta koyar da kwamfuta tana wajen Kabuga a Kano, da injina 42 a ɗakuna biyu. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan wuri ya san yadda kwamfuta take komawa bayan wata uku a hannun ɗalibai. Wannan ya soka filashi mai ƙwayar cuta, wancan ya sauya kalmar sirri ya manta, wata ta goge abin da ba a gogewa. Duk ƙarshen zango sai mun yi wa kowace fomatin. Da filashi uku muke yi, ni da yara biyu, mu bi su ɗaya bayan ɗaya: zaɓi harshe, goge faifai, jira, sa suna, nemo direbobi, wato ƙananan manhajojin da Windows ke sarrafa kayan cikin kwamfuta da su. Kwana uku cur, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiya a koma farko.

A hunturun farkon 2025 wani abokina da ke da shago a Farm Centre ya haɗa ni da wani matashin injiniya. Ya ce yaron zai shirya mana tsarin da kwamfuta za ta ɗauko Windows da kanta ta waya, ta ɗora, ta sa direbobinta, ba wanda ya taɓa kibod. Wannan sharhin a kan aikin da ya yi mana ne, da kuma tsarin kansa, bayan mun yi fomatin da shi sau uku.

Ga yadda abin yake. Injiniyan ya ware kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ya sa mata Windows Server, ya kunna wani sashe nata mai suna WDS, mai aikin ɗora Windows ta netwok. Ita ce saba, wato uwar da ke riƙe da komai. Kusan kowane katin netwok na waya yana ɗauke da wata dabara da ake kira PXE, wadda Intel ya fito da ita tun shekarun 1990. Idan kwamfuta ta tashi ta wannan hanya, sai ta yi shela a cikin netwok tana neman adireshi, a ba ta, a gaya mata inda za ta samu fayil ɗin tashi. Daga nan ta sauko da wata 'yar ƙaramar Windows da ke cikin fayil mai suna boot.wim, ta loda ta a RAM. Wannan ƙaramar ce lebura: ita ke goge faifai, ta ɗauko babbar Windows da ke cikin install.wim ta shimfiɗa. Tambayoyin da mutum ya saba amsawa da hannu kuwa, an riga an rubuta amsarsu a fayil ɗin amsa mai suna unattend.xml.

Ya ce kwana biyu zai gama. Na ce masa injinan nan ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne, 34 tsofaffin na tebur ne tokumbo, 8 kuma laftof ne sababbi da muka saya daga baya. Ya ce, "Malam, kada ka damu, tsofaffin ne abin tsoro, sababbin ai ko a barci za su wuce."

Ranar farko kam gani ya kori ji. Aka kunna na tebur guda goma, kowace ta nuna adireshinta, farin layi ya cika, allo ya koma shuɗi, ba wanda ya matsa kusa. Muka tafi sallar la'asar, muka dawo muka tarar da su a tsaye, kowace da sunanta, agogo a daidai da lokacin Najeriya. Raina ya yi fari ƙwarai a wannan yammacin, domin na san wahalar da aka sauke mana.

Washegari aka zo kan laftof. Ta tashi lafiya, ta sauko da boot.wim tsaf, sai ta tsaya da wani saƙo cewa ba a samu direban katin netwok da ya dace ba. Abin ya ɗaure min kai, na ce, "Injiniya, yanzu fa a gabanmu ta sauko da fayil ta wannan wayar. Ta yaya za ta ce ba ta san katin ba?"

Amsar da ya ba ni ita ce abin da ya fi komai amfani a duk kuɗin da na biya. A matakin farko ba Windows ce ke magana da katin ba, ita kwamfutar ce da kanta, da 'yar manhajar da aka dasa mata tun daga masana'anta. Da zarar boot.wim ta gama sauka, sai ta miƙa ragama ta koma gefe. Ƙaramar Windows dole ta kama katin da nata direban, in babu shi a jakarta to ta makance, ko da fitilar kebul tana ƙyalli. Ya danna Shift da F10 tare, baƙin allo ya buɗe, ya rubuta ipconfig. Ba komai, sai kan magana kawai, ba adireshi ba kati. A na tebur kuwa adireshi ne ke fitowa ɓaro-ɓaro.

Dalilin shi ne shekaru. Faifan Windows 10 na ƙarshe, 22H2, tushensa na 2020 ne, kuma direbobin da ke cikinsa na injinan da suka riga shi ne. Shi ya sa tokumbon suka wuce sumul, sababbin suka tsaya. Katin laftof ɗin Intel I219 ne, kuma abin da zai yaudari mutum shi ne wannan suna ɗaya yana da ire-ire da yawa, kowane zamani da lambarsa. Wasu daga cikin na teburinmu ma I219 ne, amma na da. Saboda haka suna ba ya isa, sai lamba. Ya buɗe ɗaya laftof ɗin da ba a goge ba tukuna, ya shiga inda ake ganin kayan ciki, ya kwafo lambar katin a takarda. Tana farawa da VEN_8086, wato Intel. Da Realtek ne da an ga VEN_10EC. Abin da ke biye da DEV shi ne ainihin samfurin, kuma dole a ga wannan lambar a cikin fayil ɗin .inf na direban kafin a ce an dace.

A nan yaron ya burge ni. Bai tsaya cusa duk direban da ya samu ba kamar yadda wasu ke yi, su kumbura boot.wim har ta riƙa ɗaukar dogon lokaci kafin ta sauka. Ya sauko da kunshin daga shafin masu katin, ya warware shi, domin direba mai .exe ba ya shiga, sai wanda aka buɗe aka ga .inf da .sys da .cat. Ya binciki lambar har ya same ta, ya buɗe boot.wim da DISM, manhajar gyara irin waɗannan fayiloli, ya saka shi a kashi na biyu na fayil ɗin, wanda shi ne mai aikin ɗorawa, ya rufe ya mayar cikin saba. Laftof ta samu adireshi.

Sai kuma ta ce ba ta ga faifai ba.

Faifan, wato SSD, na ciki, da safe ma an yi aiki da ita. Amma inda ya kamata a ga faifan fili ne fetal, kuma tunda an ce wa tsarin ya goge faifai na farko bai same shi ba, sai ya tsaya cik. Ya buɗe setupact.log a cikin foldar Panther, inda Windows ke rubuta duk abin da ta yi da inda ta yi tuntuɓe, ya bi layi-layi da yatsa. Waɗannan laftof masu Intel zamani na 11 ne, kuma a irinsu SSD tana ɓoye a bayan wani abu da ake kira VMD, wanda sai da direban Intel RST ake ganin abin da ke bayansa. Hanya biyu ce: a shiga BIOS na kowace, wato saitin manhajar nan ta masana'anta, a kashe VMD, ko a saka direban. Na ce a kashe mana, takwas ne kawai. Ya ce, "Malam, ran da batirin BIOS ya mutu ko wani ɗalibi ya mayar da saiti na asali, za ta ƙi tashi, kuma ba za ka tuna dalili ba." Gaskiyarsa ne, na bar shi ya saka.

Faifai ya bayyana, Windows ta shimfiɗu, kwamfuta ta sake tashi, sai shuɗin allo mai cewa ba a iya kaiwa ga faifan tashi ba. Wannan kam shi ma sai da ya yi shiru ya dafe kai. Ashe direban da aka cusa wa boot.wim da DISM ba ya bin babbar Windows. Leburan ya ga faifai, amma mai gidan da aka shigar bai gani ba. Wuri biyu ne, kowanne sai an ba shi nasa. Ya saka direban faifai da na netwok a install.wim, sauran kuma, na sauti da na allo da na waya-fai, ya jera su a rukunin direbobi na WDS, ya ɗaura kowane rukuni da samfurin injin da ya dace. Kwana biyun da aka yi alkawari suka zama shida.

Akwai ƙananan abubuwa da ba su ci lokaci ba. Rautar intanet ɗinmu tana raba adireshi, saba ma tana rabawa, sai wasu injinan su karɓa daga rauta su rasa hanya. Aka kashe na rautar. Wasu tsofaffin suna tashi a tsarin da, wanda ke son faifai mai MBR, sauran a UEFI mai son GPT, sai aka yi fayil ɗin amsa biyu. Kebul uku kuma ƙura ta cinye bakinsu, aka sake matse su.

Yanzu ga abin da ya ɓata min rai, kuma har yau ban ga uzurinsa ba. A ƙa'ida WDS tana jiran a danna F12 kafin ta ci gaba. Domin abin ya zama ba sa hannu ko kaɗan, ya cire wannan jiran, ya kuma bar umarnin goge faifai gaba ɗaya a fayil ɗin amsa. Bai gaya min ba, bai kuma raba netwok ɗin ɗakunan karatu da na ofis ba. Kwamfutar da 'yar'uwar da ke mana rajista take aiki da ita tana kan suwic ɗaya da sauran, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗinsu, kuma a BIOS ɗinta netwok ne a sahun farko wajen tashi. Da safe ta kunna, ta fita ɗebo ruwa, ta dawo ta tarar da sabuwar Windows fes. Sunayen ɗalibai da lissafin wanda ya biya da wanda ake bi, duk sun tafi. Ta zauna ta yi tagumi, idonta ya ciko, tana cewa, "Malam, wallahi ban taɓa komai ba." Na ce na sani. Allah ya taimake mu muna da babban littafin rajista da rasit, muka kwashe mako guda muna sake shigarwa. Injiniyan ya zo ya ba ta haƙuri, ya ba ni, bai yi gardama ba. Ya mayar da F12, ya saita saba ta riƙa amsa wa injinan da aka yi wa rajista da lambar katinsu kawai. Wannan aiki na minti talatin ne, ya kamata a ce da shi aka fara.

Don haka yau tsarinmu ba "ba sa hannu" ba ne ɗari bisa ɗari. Yaro yana bi yana danna maɓalli ɗaya a kowace, kuma na fi son haka.

Bayan wannan, sau uku muka yi fomatin ba matsala. Ɗaki guda yana gamawa tsakanin azahar da la'asar, musamman da ya kunna aikawa ga kowa lokaci ɗaya, inda saba ke tura kwafi guda duk injinan su karɓa tare maimakon kowace ta ja nata. Mun ɗora saba da suwic a kan inbata, domin idan suka mutu a tsakiya kowa ya mutu. Abu ɗaya da zan ja kunnen mai sha'awa a kai: kalmar sirrin da ke cikin fayil ɗin amsa rufe ta kawai aka yi, ba kulle ba, ɗalibi mai wayo zai iya warware ta. Kada a sa ta shugaban saba a ciki.

Wa ya kamata ya yi? Mai injina da yawa iri ɗaya, kamar cibiyoyin jarrabawar JAMB da ake buƙatar su mallaki aƙalla 250, ba shi da dalilin ci gaba da filashi. Mai gyara a Beirut Road da kullum ake kawo masa samfuri daban zai ƙare ne a farautar direbobi, gara ya riƙe filashinsa.

Ragowar kukana biyu ne. Bai bar mana komai a rubuce ba, ko takarda ɗaya, duk ilimin yana kansa, in ya yi tafiya mun tsaya. Na biyu, ya gina mana komai a kan Windows 10 alhali Microsoft ya riga ya sanar zai daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tun 2021 aka bayyana cewa boot.wim da ke cikin faifan Windows 11 ba za ta yi aiki da WDS kai tsaye ba, sai an gina wata ƙaramar Windows ta musamman da kayan aikin Microsoft da ake kira ADK. Na san mafi yawan tokumbonmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wasu ba su da na'urar tsaro ta TPM 2.0, wasu kuma Intel ɗinsu bai kai zamani na 8 ba. Amma laftof takwas ɗin sun cika, kuma da ya faɗa tun farko da na tsara kuɗina daban.

Na sake kiransa duk da haka, domin hannunsa yana da kyau kuma ba ya ɓoye kuskure. Zai zo bayan an ba ɗalibai hutu ya shirya na laftof ɗin. Na sayi littafi mai bango mai kauri na ajiye a kan saba, na gaya masa duk umarnin da ya buga sai yaronmu ya kwafa a ciki kafin a wuce na gaba, kuma kebul ɗin ofis a cire yake har ya gama.