Toyota Prius a aikin taksi a Damagaram: abin da takardar bizit ba ta gani

Shekara uku ke nan da ni da ƙanena muka sa Toyota Prius samfurin 2010, mota mai haɗa injin fetur da na lantarki, a aikin taksi cikin garin Damagaram, shi da safe ni da yamma. Kusan duk direban da ya tsayar da ni a bakin Kasuwar Dole tambayarsa ɗaya ce: "Malam, tana cin bizit kuwa?" Tana ci, kuma ba ta taɓa wahalar da ni a wurin binciken lafiyar mota ba. Sai dai wannan sauƙin shi ne abin da nake so in ja hankalin 'yan'uwa a kansa, domin cututtukan da suke kwantar da wannan mota ba a inda masu bincike suke dubawa suke ba.

Masu bizit suna duba birki, fitilu, tayoyi, sitiyari, ƙafafun mota da hayaƙi, kuma a duk waɗannan Prius tana da rinjaye. Idan direba ya taka birki a hankali, injin lantarki ne yake rage gudun yana mayar da ƙarfin cikin batir, shi ya sa takalman birkinta suke daɗewa fiye da na kowace mota da na taɓa tuƙawa. Ba ta da kuloci, ba ta da kik irin na sauran motoci, kuma samfurin da aka ƙera daga 2009 zuwa 2015 ko bel ba shi da shi a jikin inji. Abin da aka taɓa mayar da ni saboda shi bai wuce ƙwan fitila da ya mutu da robobin ƙafar gaba da ramuka suka cinye ba, kuma a yini ɗaya aka gyara su. Wajen awon hayaƙi ne kawai ake ɗan samun tsaiko, saboda injin fetur yana kashe kansa da zarar mota ta tsaya, sai an sa ta a yanayin gwaji kafin ya ci gaba da aiki.

Babban batir, wanda shi ne ran motar, babu mai tambayar lafiyarsa a wurin. Yana kwance a bayan kujerar baya, guntaye 28 ne aka jera suna ba da bolt 201.6, kuma wata ƙaramar fanka ce take sanyaya shi da iskar da take zuƙowa daga cikin motar ta wata taga da ke gefen kujerar baya ta hannun dama. Wanda ya ƙera wannan tsari bai san hunturun Damagaram ba. A shekarata ta farko, bayan watannin hazo sun wuce, na fara jin fankar tana gurnani ba ta hutawa, motar kuma ta yi nauyi wajen tashi. Da muka kwance ta, ƙura da zaren tufafi sun daskare a kan fikafikanta kamar an liƙa musu auduga. Tun daga ranar duk wata uku nake wanke ta, kuma ba na jin nauyin ce wa fasinja, "Hajiya, don Allah a ɗan janye ƙullin nan daga bakin tagar." A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, ba jin daɗi ba ne, magani ne, domin iskar da fasinja yake shaƙa ita ce batir yake sha. Idan aka bar shi ya gasu, wata rana alwatikar gargaɗi za ta bayyana a gaban direba, kwamfutar gwaji kuma ta nuna lambar P0A80, wadda ma'anarta ita ce batir ya gama aiki, alhali takardar bizit tana aljihu sabuwa fil.

Cuta ta biyu tana jikin injin mai lita 1.8. Akwai bututun da yake mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, wanda makanikai suke kira EGR, kuma yakan toshe da baƙin toka idan tafiya ta yi nisa. Alamarsa ita ce motar ta yi karkarwa da ƙwanƙwasa a tashin farko da sanyin safiya, kuma wanda ya yi biris da wannan karkarwa yana iya wayar gari da ƙonannen gaskit, ruwan lagireto yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Tsofaffin injinan suna shan baƙin mai, don haka kowace Juma'a nake zaro sandar awo, kuma mai lamba 0W-20 nake nema ko da zan sa a kawo mini daga Kano.

Asarar da ta fi ƙona mini rai ba laifin motar ba ce. Wani mai gyaran kilim, da kyakkyawar niyya, ya zuba mata man kwamfuresa na motocin da ya saba da su, alhali kwamfuresar Prius da lantarki mai ƙarfi take aiki, kuma mai na musamman take sha mai suna ND-11. Bayan 'yan kwanaki motar ta nuna alamar yoyon wuta ta ƙi tashi, sai da aka wanke tsarin gaba ɗaya aka sauya kwamfuresar. Masu sanin hannun wannan mota ba su da yawa a garinmu, kuma wayoyinta masu ruwan lemo, waɗanda ke ɗauke da lantarki mai ƙarfi, ba wurin gwaji ba ne, suna iya kashe mutum.

Duk da haka ban yi nadamar sayenta ba. A zirga-zirgar cikin gari tsakanin Birni, Zango da Sabon Gari, inda tsayawa ta fi tafiya yawa, kusan lita 5 take sha a kilomita 100, kuma wannan rarar ce take biyan kuɗin makarantar yara. A doguwar hanya kamar ta Matamaye ribar takan ragu, a rairayi kuwa ba ta da kataɓus saboda cikinta yana kusa da ƙasa, shi ya sa akwai lungunan da nake ba fasinja haƙuri in sauke shi a bakin kwalta.

Wanda zai sayi ta hannu daga cikin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano ko Lome, ya je da mai kwamfutar gwaji ya karanta ƙarfin rukunoni 14 na batir (guntayen nan 28 bibbiyu) yayin da mota take tafiya, domin idan ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran sosai, batir yana hanyar mutuwa. Ya kuma bincika da lambar jikin motar ko an sabunta mata manhajar inbata (na'urar da take sarrafa wutar batir zuwa injin lantarki), gyaran da Toyota ta kira motoci kusan miliyan 1.9 dominsa a shekarar 2014. Sannan ya ce a bar ta ta kwana a kashe, ya dawo da asuba ya tayar da ita da hannunsa, ya saurari injin.