Tsofaffin finafinan kumbo: na baƙi da fari ko masu kalar da suka biyo baya?

Malam, tsakanin na baƙi da fari na shekarun 1950 da masu kalar nan da suka cika kasuwa bayan 1977 da kake tambaya a kai, ɗauki na baƙi da fari ka huta. Duka biyun na saya da kuɗina, ɗaya har yau yana cikin durowata a nannaɗe cikin leda, ɗayan kuwa ban ma tuna wanda na bai wa ba.

Na baƙi da farin faifai ne guda huɗu da na samu a kayan gwanjo, kwalinsu duk ya yage. Wata rana da daddare an ɗauke wuta, ga zafi an kasa barci, sai na fito da laftof tsakar gida na shimfiɗa tabarma ni da yarona, lokacin shekarunsa tara, muka saka Rocketship X-M na 1950. Na zaci minti goma zai yi ya tashi tunda yaran yanzu sun saba da katun mai gudu, wallahi yaron nan bai motsa ba har aka gama, sauro na cizonsa yana kaɗewa idonsa na kan allo. Labarin mutum biyar ne, maza huɗu da mace ɗaya, sun tashi za su je duniyar wata sai kumbon ya kauce hanya suka tsinci kansu a duniyar Mars, can suka tarar da kufai, mutanen wurin sun hallaka kansu da makamin nukiliya, 'yan tsirarun da suka rage sun koma zaman kogo suna jifa da duwatsu. Kuma ba a yi maka irin ƙarshen nan na jarumi ya dawo gida ana tafi ba, man kumbon ne ya ƙare a hanyar dawowa, babu wanda ya tsira. Da aka gama yaron ya daɗe kwance yana kallon sama, sannan ya ce Baba to wa zai faɗa wa mutane abin da suka gani? Ka tuna shekara biyar kacal kenan da jefa bam a Hiroshima lokacin da aka yi fim ɗin, tsoron da ke ciki na gaske ne, a zuciyar mutanen da suka shirya shi yake.

Kuma fa a kwana 18 aka ɗauke shi, da dala 94,000, suna sauri ne su riga wani babban fim mai kala na zuwa wata fita kasuwa a shekarar, kuma sun riga shi. Da aka zo wajen Mars ba su da kuɗin gina komai, hamada kawai suka je suka ɗauka sannan aka rina wannan ɓangaren ya yi ja-ja, to ka ga kana cikin baƙi da fari sai kwatsam allo ya canza launi, jikinka sai ya ba ka lallai an sauka wata duniya. Ga sautin wani abin kiɗa da suke ce wa theremin, wanda ba a taɓa shi da hannu, kusa da eriyarsa kawai ake yawo da tafin hannu yana fitar da wani irin kuka siriri mai tayar da tsikar jiki.

Abin da ya sa nake ƙaunarsu shi ne lokacin da aka yi su babu ɗan'adam ɗin da ya taɓa leƙa sama. Sai a Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, sai 1961 Yuri Gagarin ya zagaya duniya, wata kuwa sai 1969 aka taka shi. Hoton Mars na kusa ma sai 1965 aka fara samu. Kenan duk abin da ka gani a ciki tunanin mutum ne tsagwaronsa, ya zauna da katako da kwali da fenti da zare yana ƙoƙarin hango abin da idonsa bai taɓa gani ba, kuma za ka ji sun yarda da abin da suke yi.

Ba zan ɓoye maka aibinsu ba dai, don kar ka zo ka ce na yaudare ka. Surutu ya yi yawa, sai a yi minti ashirin wani farfesa na tsaye gaban allo da alli yana bayani kafin a tashi, saboda magana ba ta cin kuɗi kamar nuna kumbo yana tafiya. Kimiyyar ciki rabi kuskure ce, za ka ga mutum ya sauka a Mars da rigar soja da ɗan abin shaƙar iska a hanci kawai, ana jin ƙarar duwatsu suna wucewa a inda babu iskar da za ta ɗauki sauti. Hoton tashin roka sau da yawa tsohon hoton gwajin rokar V-2 ne ta Jamusawa aka liƙa, shi ya sa kumbon da ka gani a ƙasa daban, wanda ya tashi daban. Matan ciki kuma ko an ce likita ce ko masaniyar lissafi, a ƙarshe dai ihu ake sa ta ko a ce ta faɗa soyayya, wannan yana ɓata min rai sosai. Wasu kuma talaucin ya fito fili ƙarara: a Robot Monster na 1953 dodon da ya zo daga sama mutum ne cikin rigar goggon biri an kifa masa kwalkwali mai eriya a ka, a Plan 9 from Outer Space kuma kana ganin zaren da aka rataye kumbon nan mai siffar faifai da shi, sannan ɗan wasan fim ɗin Bela Lugosi ya rasu a 1956 aka sa wani da ya fi shi tsawo ya riƙa rufe fuska da mayafi a matsayinsa. Irin waɗannan ka bar su sai ka saba, kar ka fara da su.

Masu kalar kuwa ba ni da abin faɗa mai yawa. Star Wars ya fito a 1977 ya kwashi kuɗi, kowa ya ruga ya yi irinsa, 'yan Italiya, 'yan Turkiyya, ƙananan kamfanonin Amurka, to kwaikwayon fim suke yi, sararin samaniyar ba ta dame su ba. Takobin wuta, mutum-mutumi mai barkwanci, bos mai baƙar alkyabba, duk na aro. Wanda ya sa na haƙura da faifan gaba ɗaya shi ne Space Mutiny na 1988 da aka ɗauka a Afirka ta Kudu, hotunan yaƙin kumbonsa daga shirin talabijin na Battlestar Galactica aka kwaso, cikin kumbon kuma masana'anta ce da bangon bulo, har wata da aka kashe ka sake ganinta zaune a kujerarta tana aiki a fitowa ta gaba. Ɗaya zan cire, Battle Beyond the Stars na mai shirya finafinai Roger Corman, 1980, James Cameron wanda ya zo ya yi Titanic ya yi aikin ƙera kumbunan ciki yana matashi, wannan ba laifi.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa maka, ka yi hattara da masu sayarwa. Faifan nan da ake rubuta wa fim 20 ko 30 a ciki ɗaya, an matse su ne har hoton ya zama dishi-dishi, kuma baƙi da fari in ya rasa kaifinsa babu abin da ya rage. Faifan mai kalar da na saya na yi nadama haka aka yi min, hoton bangon na wani babban fim ne daban, na dawo gida na tarar fim bakwai ne kawai ke buɗewa, biyu daga ciki ma abu ɗaya ne aka canza wa suna, da na koma mutumin ya ce shi ba ya karɓar kaya in an ɓare leda. Wannan canza sunan ma tsohuwar sana'a ce, shi kansa Corman ya sayi wani fim ɗin Sobiyet na 1962 kan tafiya duniyar Venus, aka yanyanka shi aka sa muryar Turanci da sababbin fuskoki aka fitar da shi sau biyu, a 1965 da 1968, da suna daban-daban. In shagon masu tura fim za ka je, ka sa a buɗe maka a kwamfutarsu ka ja zuwa tsakiya da ƙarshe ka ji ko murya na tafiya daidai da baki kafin ka miƙa kuɗi. Kuma da yawa daga cikin na 1950 ɗin suna nan kyauta a YouTube da Internet Archive, kar wani ya ce maka kaya ne mai wuyar samu ya tsuga maka farashi.

Ka fara da Rocketship X-M, in ya shige ka sai ka bi da It! The Terror from Beyond Space na 1958, wanda dodo ya shiga kumbo a ɓoye yana bin mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya suna hawa bene suna rufe ƙofa. Dukansu ba su kai awa ɗaya da rabi ba. Ka kashe fitila, ka sa abin ji a kunne ko ka jona sifika, don a lasifikar waya sautin theremin ɗin nan ba ya fita.