FreeFileSync ta fid da ni kunya a gaban 'yata

Duk mai kwamfutar tebur a Garwa ya san abin da wuta ke mana daga Maris zuwa saukar damina, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya: a ɗauke, a kawo da ƙarfi, a sake ɗaukewa kafin ka tashi daga kujera. Shi ya sa na nemi manhajar da za ta riƙa kwafe min kayana zuwa diskin waje. FreeFileSync nake amfani da ita, kyauta ce, ɗan ƙanwata mai gyaran waya ya sa min, ya juya ta zuwa Faransanci. Hagu kwamfuta, dama diski, ka danna ta gwada su, ka sake dannawa ta kwafe abin da ya canza kawai.

'Yata ta zo hutu daga Jami'ar Ngaundere da memwar ɗinta na kammala digiri. Da dare take aiki, don da rana falon ba ya zaunuwa. Wani dare tana cikin adana aikin aka ɗauke wuta, ta haƙura ta kwanta. Ni kuma bayan sallar asuba, da na ga an kawo, na jona diski na danna kamar kullum. Da hantsi ta buɗe takardar, sai ga 'yan akwatuna da alamun tambaya sun cika shafi, ko kalma ɗaya ba ta karantuwa.

"Baba, ai kuna da shi a diskinku ko?"

Muka buɗe diskin. Shi ma lalataccen ne a ciki, tunda an ga fayil ya canza da daddare, an ɗauki sabon an ɗora a gurbin tsohon. Yarinya ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Uwarta ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "Alhaji, wannan diskin da kake ta yi mana kuri da shi ke nan?" Wallahi zufar da ta karyo min ba ta zafin gari ba ce.

Na kira yaron. Ya ce, "Kawu, kada ku taɓa komai. Ku duba cikin diskin, akwai folda da na sa wa suna Tsofaffi." Ban taɓa kula da ita ba. Muna buɗewa sai ga memwar ɗin a jere, kowanne da kwanan wata da sa'a har daƙiƙa manne a wutsiyar sunansa. Mai ɗauke da kwanan watan safiyar nan shi ne lafiyayyen da aka ture. Ta danna, hannunta na rawa, sai ga sunanta da sunan malaminta a shafin farko, har da jadawalin da ta sha wahala a kai. Aikin dare ɗaya kawai ta rasa.

Ashe a saitin akwai zaɓi uku kan fayil ɗin da za a goge ko a maye gurbinsa: a jefa shi kwandon shara, a shafe shi gaba ɗaya, ko a ajiye shi gefe da kwanan wata. Na ukun yaron ya zaɓa, kuma ba a kansa take zuwa ba, sai ka shiga ka sa da hannunka. Duk wanda ya sauke ta, ya fara da wannan kafin komai. Kana iya ƙayyade mata tsofaffi nawa za ta riƙe don kada diski ya cika.

Amma fa kada daɗi ya kwashe ni. Kafin in zo nan na sha wuya. Akwai wata manhajar kuɗi da aka yaba min, wadda ke tura komai intanet. Ta cinye min data tas, ba ta gama ko hotunan aikin hajjin mahaifina ba, ga kuɗin wata da sai da katin banki. Masu cewa Google Drive su tuna giga 15 ne kyauta, OneDrive giga 5. Bidiyon biki ɗaya ya isa ya cinye. Sai wani mai rumfa a kasuwa da ya sayar min da diski wai tera biyu, ka zuba kaya ya nuna sun shiga, gobe ka buɗe fanko. Na mayar masa ya ce wai zafi ne. Zafi! Har yau in na bi ta layinsu raina ɓaci yake.

Ita ma wannan da nake yabo tana da iyakarta. Fayiloli take kwafewa, ba ta ɗaukar Windows da manhajojinka dunƙule. In diskin ciki ya mutu, takardu za su dawo, sauran sai ka sake sawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin irin su Clonezilla ne, ni kuwa da na ga fuskarta na ce a bar wa yara. Tana da abokiyar tafiya, RealTimeSync, mai kwafewa da kanta da zarar wani abu ya canza, sai dai ni da irin wutarmu ba zan bar diski a jone ba. Ina gamawa nake cirewa in sa a durowa.

Tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina kula da Windows 10, tawa kuma ba za ta ɗauki 11 ba, don haka canjin kwamfuta na nan tafe. Don in ga ko kayana za su buɗe a wata kwamfutar, na jona diskin a laftof ɗin maƙwabcina wanda bai taɓa jin sunan manhajar ba, komai ya buɗe: takardar fili, littafin bashi, hotuna.