Ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashin tamfol ɗin kifi: a cike ta gefe, ko a kwashe a sake daɓe?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kana da tafkin tamfol a bayan gida, ƙafa goma a ƙafa goma, da tarwaɗa 'yan wata uku a ciki, kuma tun ruwan da aka yi ta tafkawa a watan Agusta kusurwa ɗaya ta lotsa, in ka zura hannu ta waje sai ka ji babu ƙasa a ƙarƙashi. Wasu sun ce ka rage ruwa ka cusa yashi ta gefe, wasu sun ce ka kwashe kifin ka sake daɓen gaba ɗaya. Duka biyun ana yi, kuma kowanne yana da inda ya dace, amma abin da zai raba maka gardama shi ne inda ruwan da ya kwashe ƙasar ya fito.

Ka fara da sanin nauyin da ke kan wannan ramin. Lita dubu na ruwa tan ɗaya ne. Tafki irin naka, in ruwan ya kai zurfin ƙafa uku, yana ɗauke da kimanin lita 8,500, wato sama da tan takwas. Tamfol ba shi ke ɗaukar wannan nauyi ba, ƙasa ce ke ɗauka, aikinsa kawai ya hana ruwa wucewa. Duk inda ƙasa ta gudu, tamfol ne zai miƙe ya bi ramin, ya yi ta sirancewa har ya yage, galibi a bakin ɗinki ko a kusurwa. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka yanke shawarar komai, ka sauke ruwan zuwa rabi.

Ruwan da ke cin ƙasa a irin wannan tafki yakan fito daga wurare uku. Na farko indararo: rufin kwano mai faɗin murabba'in mita hamsin, in aka yi ruwan milimita arba'in, lita 2,000 zai zubo, in kuwa bakin indararon yana kallon tafkin, ka ga inda ƙasarka ta tafi. Na biyu shi ne bututun sakin ruwa. Mutane da yawa suna sauya wa kifi ruwa duk bayan kwana biyu ko uku, amma bututun gajere ne, yana zuba a gindin tafkin, wurin bai taɓa bushewa ba. Na uku, wanda ya fi sharri, yoyo daga ciki, musamman inda aka huda tamfol aka haɗa bututun. Gwajinsa ba wuya. Ka cika bokiti da ruwa ka ajiye a gefen tafkin, ka yi alama a bokitin da jikin tamfol, ka dawo gobe war haka, in ba a yi ruwan sama ba. In tafkin ya sauka fiye da bokitin sosai, ba rana ce ta sha ba, yoyo ne.

Gyaran gefe shi ne a bar kifi a ciki, a sauke ruwa har ya rage kamar taƙi ɗaya ko ya ɗan fi, mutum biyu su ɗaga gefen da ya lotsa, na uku ya riƙa tura ƙasa da katako mai faɗin baki yana dannawa. Tarwaɗa tana da juriya, tana iya shaƙar iska a saman ruwa, awa biyu ko uku a ruwa kaɗan ba za su kashe ta ba in da sassafe ne kuma ba a ba ta abinci ba tun jiya. Amfanin wannan hanya a fili yake: kafin azahar an gama, kuɗinsa bai wuce na baro biyu na ƙasa da rabin buhun siminti ba, kifi kuma ba su sha kamu ba. Matsalarsa ita ce a makance kake aiki. Iyakar inda hannunka da katakon suka kai, nan gyaranka ya tsaya, kuma ba za ka iya daɓe wurin da kyau ba tunda daga gefe kake turawa. Ramin da ya shige ciki fiye da kamu ɗaya, bakinsa kawai za ka toshe, cikinsa na nan a buɗe.

A nan zan tsaya kan maganar yashi, don ita ce ta fi damuna a shawarar da aka ba ka. Yashi zalla ba ya riƙe kansa. In ka cusa shi a ramin da ruwa ya riga ya yi wa hanya, ruwan sama na gaba zai kwashe shi cikin sauƙi fiye da ƙasar farko. Abin da ake so shi ne jar ƙasa, a tankaɗe ta a fitar da tsakuwa masu kaifi, a yayyafa mata ruwa har in ka dunƙule ta a hannu ta tsaya ba ta ɗigar da ruwa ba, a gauraya da siminti kaɗan, kamar kwano ɗaya cikin goma. Wannan in ya kwana biyu yakan yi tauri. Yashi mai laushi sai a sama, ɗan siriri, don kada tamfol ya zauna a kan abu mai kaushi. Daga waje kuma a jera bulo a bakin wurin a rufe shi da ƙasa, kada a bar gefen tamfol a buɗe.

Sake daɓe kuwa aiki ne na gaske. Za ka nemo inda za ka zuba kifi na kwana uku zuwa biyar, ko tafkin maƙwabci, ko manyan robobi da durom da aka yanke, ka hana su abinci kwana guda kafin kamu, ka riƙa sauya musu ruwa safe da yamma saboda cunkoso. A nan ake yin asara in an yi sakaci: tarwaɗa na da ƙaya a fiffiken gefe, suna ji wa juna rauni a matsi, manya kuma suna cin ƙanana, don haka ka yi amfani da damar ka ware su girma-girma. Daga nan a zubar da ruwa can nesa da tiyo, a kwance tamfol daga jikin ƙarfe ko katakon da ke riƙe da shi a tsaye, a naɗe shi a hankali. Sai a lokacin za ka ga gaskiyar abin: ko rami ɗaya ne, ko hanyar ruwa ce ta ratsa ƙarƙashin gaba ɗaya, ko ramin gafiya ne, ko gara ta cinye tsohon itace da aka binne wurin ya rufta. A kwashe duk ƙasar da ta zama laka har a iske mai tauri, a cike da jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa inci huɗu zuwa shida, a daɓe shi sosai kafin a ƙara wani. A ɗaga daɓen ya fi filin gidan tudu da aƙalla tsayin bulo ɗaya, ya kuma fi tafkin faɗi ta kowane gefe, a kewaye shi da bulo, a ɗan karkata shi wajen bututun sakin ruwa. Kowace ƙafar ƙarfe a ɗora ta a kan bulo ko falan kankare. 

Wannan hanya ta fi tsada nesa ba kusa ba, ga tifa ko baro-baro na ƙasa, ga bulo, ga lebura, ga kwanakin da kifi ba sa cin abinci sosai. Tana da wani haɗari kuma da gyaran gefe ba shi da shi: tsohon tamfol da ya sha rana shekara biyu ko uku yakan bushe, in aka naɗe shi sai ya tsattsage a layin ninki. Ka gwada shi tukuna. Ka lanƙwasa saman gefen da rana ke duka tsakanin yatsunka, in ya yi fari ko ya nuna tsaga, ka sa kuɗin sabo a lissafi kafin ka taɓa shi. In har yana da laushi, ka naɗe shi da hantsi lokacin da ya ɗan ɗumama, kada da asuba.

Ta wajen ƙarko babu haɗi. Gyaran gefe yana riƙewa ne kawai in ruwan daga waje ya zo kuma ka juya masa hanya. In yoyo ne daga ciki, komai ka cusa zai jiƙe ya sake tafiya, kuma faci mai kyau yana son wuri busasshe mai tsabta, a yanka facin da zagayayyen baki, a shafa gam ɗin roba, a manna ciki da waje, abin da ba zai yiwu ba kifi na iyo a kai.

Ga abin da nake gani a naka. Kusurwa ɗaya ce, bayan ruwan sama ta bayyana, kifinka kuma saura wata biyu ko uku su isa kasuwa. In gwajin bokiti ya nuna babu yoyo, ramin bai wuce kamu ɗaya ba, ƙarfen kuma bai karkace ba, ka yi gyaran gefe da jar ƙasa da siminti, ka juya indararon, ka ƙara wa bututun sakin ruwa tsawo ya kai kwata, ka riƙe ruwan a ƙafa biyu har ka sayar. Bayan ka kwashe kifi, da rani, ka sake daɓen a natse ba tare da ka wahalar da ko ɗaya ba. In kuwa tafkin yana sauka fiye da bokiti, ko ka taɓa da sanda mai dasashin baki daga ciki ka ji tsakiyar ma ta yi taushi, ko ƙafar ƙarfe ta fara nutsewa, kada ka jira rani. Tamfol in zai fashe ba ya sallama, kuma tan takwas na ruwa a tsakar gida yana iya kaiwa gindin katanga ko ɗakin ƙasa. Ka nemi wurin ajiye kifin a makon nan, yara kuma a hana su wasa ta wannan kusurwar har a gama.